Ranar da Na Yi wa Kawu Kamfen da Sinanci

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na taya Kawu Sule neman ƙuri'a ba. Ƙanin mahaifiyata ne, direban tasi a Birmingham, ya tsaya takarar kansila a wajajen Ladywood, ba jam'iyya ba ubangida. Ni kuwa ina jami'a a Manchester, na riga na cika dangi da baki cewa na iya Sinanci. (Iyawar tawa ba ta wuce wata manhajar waya da nake latsawa cikin bas a Oxford Road ba, sai tashar gwamnatin China da nake kallo ina kwaikwayon masu karanta labarai.)

Wata rana Kawu ya kira ni, ya ce mutanen Hong Kong sun yi yawa a mazaɓarsa, suna da ƙuri'a, kuma sun gayyaci 'yan takara taro a zauren wata coci. So yake in buɗe masa jawabi da yarensu, su ji shi nasu ne. Maimakon in faɗi gaskiya, sai na ce ya kwantar da hankalinsa.

A jirgin ƙasa na yi ta bitar wata jimla da masu labaran nan ke rufe shiri da ita ranar biki, suna washe baki. Kalma biyu na gane a ciki, “ƙasa” da “har abada”. Na yanke hukunci cewa addu'a ce, irin tamu ta Allah ya zaunar da ƙasa lafiya.

Zauren ya cika maƙil. Na sha babbar riga, na karɓi makirufo, na gaishe su. Kaɗan suka gyaɗa kai. Na ce a raina mamaki ne ya kama su. Sai na ɗaga murya na zuba jimlar nan, har da ɗaga hannu sama.

Wani mutum ya ja hannun 'yarsa suka fice. Kawu kaɗai ke yi min tafi, yana juyawa yana nuna ni da alfahari.

Wata dattijuwa a layin gaba ta miƙe, ta yi magana da Turanci a hankali, yadda ake yi wa marar lafiya.

“Yaro, mu yaren Cantonese muke yi, ba Mandarin ɗin da ka yi ba. Kuma cewa ka yi jam'iyyar da ke mulkin China ta dawwama har abada. Ita ta koro mu. Ɗana yana can a kurkuku.”

Kawu ya fizge makirufon, ya shaida wa jama'a cewa shi bai san yaron nan sosai ba, ɗan 'yar'uwa ne kawai, kuma ma daga Manchester yake. (Ni da ya yi wa huɗuba ranar da aka haife ni.) Nan ne kaɗai aka yi dariya a taron.

Zaɓe dai Kawu ya faɗi, kuma har gobe ni yake ɗora wa laifin, duk da cewa ko maƙwabtansa ba su zaɓe shi ba. Mahaifiyata kuwa idan ta kira ni, sai ta tambaya ya jakadan China ya kwana.

Ban daina koyon Sinancin ba. Sai dai yanzu duk addu'ar da ban san fassararta ba, ko amin ba na cewa.