Yadda Za Ka Auri 'Yar Gidan Babbar Lauyar Gwamnati Alhali Kana Sayar da Maganin Bogi

Cale, abokina, matso kusa. Idan sana'arka ita ce ɗura ruwa mai launi a kwalba kana kiran sa magani, kuma Allah ya jarrabe ka da son yarinyar da gwaggonta ce shugabar lauyoyin gwamnati masu kai irinku kotu, kada ka tattara kayanka ka gudu Tamale tukuna. Bi waɗannan matakai ɗaya bayan ɗaya. Na ba ka tabbaci za ka samu mata, sana'arka kuma ko girgiza ba za ta yi ba. An gwada hanyar a kan mutum mai rai, Imoro na bakin babbar kwatar unguwar Nima a Accra, kuma ta yi aiki sumul har zuwa daidai wurin da shi da kansa ya ɓata ta.

Mataki na ɗaya: Ka zama Dokta

Ba sai ka je makaranta ba. Makaranta wuri ne da ake zaunar da mutum a benci har gemu ya fito masa. Abin da kake buƙata shi ne farar riga, tabarau, da lasifika mai batir.

Imoro kwandastan tirotiro ne a da, wato bas ɗin haya, yana rataye a ƙofa yana kiran fasinja har muryarsa ta zama jari. Rana ɗaya ya sauka daga mota ya wayi gari Dokta Imoro, mai maganin Sha Ka Miƙe. Abin da ke ciki: sobolo, wato zoɓo, don launi, citta da kanumfari don ƙamshi, sai ganyen filasko ba awo. Filasko, idan ba ka sani ba, ganye ne mai wanke ciki, kuma ba ya neman izini kafin ya fara aiki. Hikimar ita ce, mai saye yana so ya ji magani na motsi a jikinsa. Wanda ya wuni yana safa da marwa tsakanin ɗaki da bayan gida ba zai ce an cuce shi ba, cewa zai yi cuta ce ke fita.

A jikin kwalba ka manna hotonka kana murmushi. Ka jera cututtuka: ciwon baya, basir, sanyi, mantuwa, kasala. Ka ce yaro da tsoho duk su sha. Can ƙasa ka rubuta da manyan baƙaƙe: NI MA SHI NAKE SHA KOWACE SAFIYA.

Ka rubuta, amma kada ka taɓa sha. Masu hikima sun ce mahauci ba ya yanka kansa don ya nuna wuƙa na da kaifi.

Mataki na biyu: Ka san gidan da za ka jefa ƙafa

Imoro ya ga Sahadatu, tela a unguwar Maamobi, ya rasa inda zai sa kansa. Ya yi tambaya, aka ce jikar Kaka Indo ce mai koko. Sai hankalinsa ya kwanta, don ya san tsohuwar. Lokacin da ya sauka Accra daga arewa da leda ɗaya a hannu, kokonta ne ya riƙe shi. Takan ƙara masa ƙosai ta ce, "Ci, maigidana, irin wannan rama ai sai a ce ba na kula da kai." Ya ce a ransa, gidan mai koko, me zai tsorata Dokta?

Abin da bai tambaya ba shi ne wa kokon nan ya kai makaranta. Ya kai Hajiya Rafi'atu, 'yar Kaka Indo, gwaggon Sahadatu, wadda yanzu ita ke shugabantar lauyoyin gwamnati masu kare haƙƙin mai saye. Wanda ya bubbuge gindin mudu don ya rage awo, wanda ya goge ranar lalacewa a jikin gwangwani, wanda ya sayar da mai mai ƙone fata, duk abincinta ne. Ba ta ihu. Takan tura ƙananan lauyoyinta kasuwa da silifa da jakar cefane, su sayi kaya kamar kowa, su kai ɗakin gwaji, sai kawai ka ji an kira sunanka a kotu, har da na mahaifinka.

Kuma tun rasuwar baban Sahadatu, auren yarinyar nan a bakin Hajiya yake. In ta ce a'a, ko limamin Juma'a ka ɗauko, a'a ce.

Mataki na uku: Kada ka yi ƙarya, ka dai rage gaskiya

Idan aka tambayi sana'arka, ka ce kana harkar lafiya.

"Gwaggo ta ce wace irin harkar lafiya?" in ji Sahadatu, allura a bakinta.

"Ce mata ɓangaren ruwa-ruwa."

"Imoro, hotonka fa yana kan kowane bango daga nan har Adabraka."

"Wannan mai tabarau ne. Kin ga tabarau a fuskata yanzu?"

Ka ga yadda ake yi. Sannan ka koyi gane yaran Hajiya a cikin masu saye. Alamar ɗaya ce: ba sa neman ragi. Duk wanda ka faɗa wa farashi ya ce to, ba ɗan Zango ba ne, ko da ya yi maka Hausa kamar a Kano aka yanke cibiyarsa. Wani saurayi mai tsabtar ƙafa ya zo wurin Imoro ya ɗauki kwalabe, bai ce a rage ba, har yana tambaya ko da gaske Dokta na sha kullum. Imoro ya dafa ƙirji ya ce, "Kafin in yi salla ma." Ya koma wurin shan ataya, shayin majalisa, yana ba abokai labarin wawan da ya samu.

Mataki na huɗu: Ka tafi da kawu mai dogon bayani

A al'ada dattawa ne ke zuwa neman aure, saurayi ya zauna gida yana cizon farce. Amma Hajiya ta aiko cewa Dokta ma ya zo, tana so ta gan shi da idonta.

Kada ka firgita. Ka nemo dattijon da idan ya fara magana sai tsuntsaye sun koma sheƙa. Lauya da tambaya take kama mutum, to kada a bar mata ramin da za ta jefa tambaya. Imoro ya ɗauko Kawu Abdul-Wahab, mutumin da aka taɓa ba wa lasifika a wurin suna ya yi godiya, bai sauke ba sai da shinkafa ta huce.

Ka kuma sa farar babbar riga, fara ƙal, ko ta aro ce. Fari yana nuna tsarkin zuciya. Abin da fari ke nunawa ban da wannan, za mu zo kansa.

Mataki na biyar: Duk abin da aka ba ka a kofi, ka shanye

Ka san al'adar garin nan. Ko Bahaushe ne kai, ko Badagombe, ko ɗan ƙabilar Ga, idan ka shiga gida da magana mai nauyi ba za a saurare ka ba sai an ba ka ruwa ka sha. Bayan nan ne za a ce, "Amaniye?" wato me ke tafe da ku. Wanda ya ƙi ruwan baƙo ya ce da gaba ya zo, kuma ba wanda zai ba shi ko kaza, balle 'ya.

Aka zauna a falon Hajiya bayan azahar. Aka kawo faranti. Kawu ya samu ruwan leda mai sanyi. Sauran dattawa ma haka. Da aka zo kan Imoro, sai ga babban kofin gilashi cike da jan ruwa, kusa da shi kuma kwalba, hotonsa a jiki yana yi masa murmushi.

"Dokta," in ji Hajiya Rafi'atu, murya kamar zuma, "na ce babban baƙo irinka ba a ba shi ruwan kowa da kowa. Sai na nemo abin da ka saba."

"Hajiya, Allah ya ƙara girma, ai na sha na yau da safe."

"Kwalbar ba ta ce a sha sau ɗaya kawai ba. Na karanta ta gaba da baya. Karatu ne aikina."

Kawu ya zungure shi da gwiwar hannu. "Kai, sha mana, kada ka kunyata mu."

To ga inda ake gane namiji. In ka ƙi, ka zagi gida, kuma ka shaida da bakinka cewa abin ba na sha ba ne. In ka sha, ciki ne kawai, kuma ciki naka ne. Imoro ya yi bisimilla irin ta mai shiga jirgin ruwa, ya kafa kai, ya shanye tas.

"Ma sha Allah," in ji Hajiya. "A ƙara masa, da gani ya yi kewarsa."

Aka ƙara. Sannan ta juya ga dattawa. "To, Kawu, amaniye?"

Mataki na shida: Ka daure

Kawu ya gyara zama, ya gyara hula, ya fara daga kakan kakan Imoro da ya yi fataucin goro a Salaga.

A nan za ka gane cewa makamin da ka zo da shi ya juyo kanka. Ba laifi. Ka zauna a gefen kujera. Kada ka yi tari. Kada ka yi dariya ko da an ba da abin dariya. In an ce a ce amin, ka ce ta a hankali, kada ta girgiza ƙasa.

Kawu yana kan auren kakan na biyu cikin Imoro ya yi ƙarar farko, irin ta tirotiro mai hawa tudu. Gumi ya tsatso masa ta ƙarƙashin hula. Ya ɗaga ido neman ƙofa, sai ya haɗa ido da wani saurayi a kusurwa, mai tsabtar ƙafa, yana murmushi.

"Au, ban gabatar muku ba," in ji Hajiya. "Faisal ke nan, ɗaya daga cikin lauyoyina. Ina jin kun taɓa haɗuwa. Kawu, ci gaba, kada ka tsallake komai. Ina son tarihi."

Kawu bai taɓa jin an ce masa haka ba a rayuwarsa. Sai ya koma Salaga ya sake tasowa.

Duk da haka, har zuwa nan Imoro ne ke kan gaba. Ya sha, bai faɗi ba, bai amsa komai ba. Da ya riƙe bakinsa da sauran ƙofofinsa, da an tashi lafiya.

Mataki na bakwai: Kada ka ji tausayi

Wannan shi ne matakin da ya fi kowanne, kuma a nan Imoro ya zubar da mu.

Labule ya motsa, sai ga Kaka Indo tana dogara sanda, hannu ɗaya a ƙugu.

"Ina maigidan nawa? An ce ka zama Dokta, shi ne ka bar matarka da ciwon baya? Don ka samu amarya ko?"

"Inna, zauna," in ji Hajiya. Ta jawo wata kwalbar mai hoton Imoro, ta tsiyaya a kofi har baki. "Ga shi an rubuta ciwon baya, an rubuta yaro da tsoho. Dokta ma yanzu ya sha a gabanmu."

Ka lura da kyau. Abin da ake so ka yi a nan shi ne ka kalli silin. Tsohuwa ce, ta ga duniya, ta ga abin da ya fi filasko. Ka ce a ranka kowa da ƙaddararsa.

Imoro ya kalli hannun da ya riƙe kofin, siriri, duk tabon man suya. Hannun da ke ƙara masa ƙosai. Ya san abin da ke faruwa a cikinsa shi mai ƙarfi a jika, ya kuma san tsohuwar ba ta fi buhun gawayi nauyi ba. Kofin ya kusa baki.

"Kaka, kar ki sha!" Ya yi tsalle ya damƙe kofin. "Wallahi filasko ne! Ba ya maganin komai! Ni ma yau na fara sha!"

Har Kawu ya yi shiru, abin da ba a taɓa gani ba. Faisal ya daina murmushi ya fara gyaɗa kai.

Kaka Indo ta fizge kofinta ta kurɓa. "Sakar min, ja'iri. Sobolo ne, ni na dafa."

"Kana tsammanin zan ba uwata abin da na ga sakamakonsa daga ɗakin gwaji?" in ji Hajiya. "Maganar kwalba, kotu ce za ta raba ku. Faisal ne zai tsaya, ni na cire hannuna, tunda ka kusa zama ɗan gida. Maganar yarinya kuwa, da ka bari Inna ta kai kofin nan baki kana kallo, ko inuwar Sahadatu ba za ka ƙara gani ba. Kawu, mun ji amaniyenku. Mun karɓa."

Imoro, yana tsaye ƙafa a harɗe, ya ce da ƙaramar murya, "Hajiya, don Allah, ta ina ne..."

"Hannun hagu, bayan tanki."

"Tsaya!" in ji Kawu, ya ɗaga hannu sama. "Abin alheri ya samu. Sai mun yi addu'a."

Ba zan faɗa maka tsawon addu'ar ba. Wanda ya ara wa Imoro babbar rigar dai ya ce ya yafe ta, kada a dawo masa da ita.

Kotu ta hana Sha Ka Miƙe, aka tuttule kwalabe, aka sa Imoro ya bi bango yana ɓamɓare hotonsa da hannunsa. Ka ga illar tausayi: sana'a mai tafiya ta mutu a kan kofin sobolo. An ɗaura aure bayan Babbar Salla. Yanzu in ka bi ta Maamobi da sassafe za ka ji lasifikar nan mai batir a gefen tukunyar Kaka Indo, da tsohuwar muryar kwandasta: "Koko mai zafi! Ni ma shi nake sha kowace safiya!" Kuma abin takaici, gaskiya yake faɗa.

Gargaɗi: Mai wannan rubutu ba dokta ba ne, ba lauya ba ne, kuma bai san ka ba. Duk wanda ya bi matakan nan ya tsinci kansa a kotu, ko a bayan tanki, ko a gidan aure, shi ya kai kansa. Kada a zo nema na wurin ataya. In kuma Hajiya Rafi'atu ce ta aiko a ce in zo mu gaisa, a gaya mata ina azumi.