Masoyiya Cikin Rigar Leda

"Wallahi jiya kin fi haka tsayi!"

"Malam, buɗe baki ka sha magani."

"Ba zan sha ba sai kin faɗa min gaskiya. Aikin nan cinye ki yake yi. Jiya kanki ya wuce ƙarfen ƙarin ruwa, yau ko rabinsa ba ki kai ba!"

Wani ne aka kwantar a ɗakin killacewa lokacin annobar nan mai sarƙe numfashi. Nas-nas ɗin ɗakin duk shiga ɗaya suke yi: rigar leda daga ka har ƙafa, takunkumi biyu, tabarau ya yi gumi. Murya kuwa kamar daga cikin tulu take fitowa. Gogan naka, ga zazzaɓi ga hucin oksijin a kunne, sai ya ɗauka duk mace ɗaya ce. Ita ke kifa shi rubda ciki, ita ke ba shi abinci a baki, ita ke ɗauke fo. Ba hutu, ba zuwa gida. Nan so ya kama shi, ya fi cutar tsanani.

Ya leƙo ya ce wa tsohon da ke gadon kusa, "Baba, ka ga matar aure? Da safe siririya, da rana ta yi ƙiba, da yamma ta zabge. Duk tunanina ne ke wahalar da ita."

Tsoho ya yi tari, ya juya masa baya.

Ran nan an zo gyara masa robar hanci, sai ya yi caraf ya riƙe safar hannu.

"Sista, ni dai na mato. Tun ɗazu da kika ɗaga ni cak kamar matashin kai na san ke ce. Ki aure ni."

Daga cikin leda tulu ya ce, "Sai ka warke."

Ai kuwa mutumin ya tashi haiƙan! Magani har tambaya yake ko akwai ƙari. Numfashi yake ja kamar mai hura wutar ɗanyen itace. Kwana biyar likita ya sallame shi.

Ranar tafiya ya kafe a bakin ƙofa da ledar kayansa, ya ce ba inda za shi sai ya ga fuskar amaryarsa. Shugabar nas ta yi lallashi ta gaji, ta ce 'yan ɗakin su fito fili su tsaya nesa-nesa. Mutum shida suka jeru. Aka sauke takunkumi. Ga doguwa, ga gajera, ga siririya, ga mai ciki, ga wata sa'ar uwarsa, ga kuma wani ƙato mai gashin baki.

Ya dube su daga nan zuwa can. "To, ita tana ina?"

Gajerar ta ce, "Ai mu ne ita."

Ledar hannunsa ta faɗi. "Tsakani da Allah, wacce ce a cikinku ta ce min sai na warke?"

Ƙaton ya ɗaga hannu a kunyace. "Ni ne, Malam. Amma na tambayi matata, ta ce ba ta yarda ba."