Ranar da Na Kulle Asibiti Daga Gummi

Ba zan taɓa mantawa ba da wata Alhamis ta tsakiyar damina, ranar da na sa farar shadda na tsaya gaban mutum bakwai a Gummi zan koya musu hankali.

Ni malamin makaranta ne, kwamfuta nake koyarwa a wata sakandare, kuma a wajenmu duk wanda ya iya kunna kwamfuta sau biyu a jere an naɗa shi injiniya. Da wannan sarautar na shiga harkar fayawol, wato manhajar da ake sawa ta tsaya a bakin ƙofar intanet ɗin ofis kamar mai gadi, ta bar na gida su wuce, ta tare baƙon da ba a san shi ba. Wadda muke amfani da ita ƙarama ce, ta kyauta, wasu masu aikin sa-kai da ban taɓa ganin fuskarsu ba ne suke rubuta ta, kuma cikinta a buɗe yake, kowa na iya dubawa ya gyara. Tana zama lafiya lau a kan tsohuwar kwamfutar da kowa ya yafe. Na sa ta a makarantarmu, na sa wa wasu masu shagon buga takardu a Anka da Bukkuyum, na kuma sa ta a wani ƙaramin asibiti da ke wani ƙauye gaba da Nasarawa Burkullu.

To sai labari ya iso ni cewa an gano ɓaraka a tsohuwar manhajar, ɓarayin intanet na iya shigowa ta nan, kowa ya sabunta tasa. Na karanta kan sanarwar, layi ɗaya, na ga ai na fahimta. (Sauran sakin layin na bar wa waɗanda ba su da makin jarrabawa a gabansu.) Nan take na ɗaura ɗamara, na ce babu wanda zai kwana da tsohuwar manhaja tsakanin Anka da Gummi ina raye. Na kira masu shagunan da na sa wa, na ari ɗakin kwamfutar makaranta da majigi, na sa aka yi zoɓo.

Cikin waɗanda suka zo akwai Alhaji Bawa na Anka, wanda muka yi firamare tare, saboda haka ba shi da dalilin ganin girmana. Ina cikin bayani ya ɗaga hannu.

"Malam, abin da ke aiki mi za a taɓa mai? Tawa shekara biyu ko tari ba ta yi ba."

"Alhaji," na ce, "ita ma gara ba ta sallama kafin ta ci azara."

Aka yi dariya, kuma dariyar nan ce ta kai ni ta baro. Na ji kaina ya yi girma. Maimakon in yi gwaji da kwamfutar da ke gabana, wadda in ta yi gardama zan iya miƙa hannu in kashe, sai na ce bari in nuna musu abin mamaki. Zan sabunta ta asibitin ƙauyen nan daga inda nake tsaye, ba tare da na taka ko ƙofa ba. Na shiga, shafin ya bayyana a bango, na danna. Wani ɗan layi ya riƙa cika a hankali, ni kuma ina tafiya gaba da baya, hannu a baya, kamar mai duba jarrabawa. Da ya cika, injin asibitin ya ce zai sake tashi.

"Minti ɗaya," na ce musu.

Minti ɗaya ya wuce. Na cike na biyu da na uku da tarihin intanet. A na bakwai tarihin ya ƙare, bangon kuwa fari fat.

"Ko ta tsaya sallar walaha?" in ji Alhaji Bawa.

Ana haka wayata ta yi ƙara. Hajiya Kulu ce, shugabar asibitin, dattijuwar da ta karɓi haihuwar rabin ƙauyen. Na ce a raina ga shaida ta kawo kanta, za ta ce komai na tafiya daidai, matsalar daga namu layin ne. Don haka, da hannuna, ba wanda ya tilasta ni, na buɗe muryar wayar kowa ya ji.

"Malam, mi kay yi muna?"

"Gyara ne, Hajiya, yanzu zai..."

"Intanet ya ɗauke. Yau ce ranar ƙarshe ta tura buƙatar magani, ƙarhe huɗu suke ruhe shahin. In ban tura ba, watan gobe ba mu da maganin zazzaɓi, kuma ka san damina ce."

Na gyara murya na ce ta duba allon injin ta gaya mini abin da ya rubuta.

"Wane allo? Wanda ka kulle cikin kabad ka tahi da makulli?"

Hannuna ya tafi aljihu da kansa. Ga makullin nan, a zobe ɗaya da na babur ɗina. Ranar da na sa injin, na saka shi da allonsa da madannansa cikin kabad ɗin ƙarfe, na buga kwaɗo, na liƙa takarda mai cewa kada a taɓa, don a ganina ma'aikatan asibiti ba su san darajar inji ba. Ko da an fasa kwaɗon ma, ba zan iya yi mata jagora ta waya ba, don a ƙauyen sai mutum ya fita har gindin tankin ruwa kafin ya samu sabis, intanet ɗin asibitin kuwa ta wata eriya ce da ke kan dogon ƙarfe, kuma ta cikin injin nan yake bi.

Alhaji Bawa ya kurɓi zoɓo.

"A ci gaba da darasi, Malam. Muna ƙaruwa."

Ban tsaya sallamar kowa ba. Na naɗe ƙafar wando na hau babur. Na rantse a raina ko da rarrafe sai takardar nan ta tafi kafin ƙarfe huɗu, kuma dole in juyo da sauran rana, don hanyar ba a bin ta in duhu ya kawo kai, kowa ya san halin tsaron wajen. Har Nasarawa abin da sauƙi. Daga nan ne aka sauka kan jar ƙasa, kuma an kwana ana ruwa. Sau biyu na sauka na tura. A karo na uku babur ɗin ne ya yanke shawarar mu kwanta tare a cikin wani kududdufi. Wani dattijon makiyayi ya baro shanunsa ya kama mini muka ɗaga, ya dubi abin da ya rage na shaddata, ya ce, "Sannu Malam. Biki za ka?" Na ce masa kusan haka.

Na isa bayan azahar. Baranda cike take da mata da goyo, suna jiran a duba su. Na shirya wa faɗa, na ma tanadi amsoshi a hanya. Hajiya Kulu kuwa sai ta gaishe ni gaisuwa cikakkiya, ta tambayi gajiya, ta tambayi iyali, ta tambayi innata da ciwon ƙafarta, ta tambayi yadda muka ji da ruwa. (Da ta zage ni da na fi samun sauƙi.)

Na buɗe kwaɗon. Injin lafiyarsa ƙalau. A kan allon akwai tambaya guda ɗaya da yake ta jira tun hantsi a amsa masa, wai a cikin igiyoyi biyun da ke jikinsa, wacce ce ta waje, wacce ce ta cikin gida. Kafin a gaya masa, ya rufe ƙofa ga kowa, har da ni. Wato mai gadin ya yi aikinsa.

A nan ya kamata in yi shiru. Amma mai neman ceton mutuncinsa ba ya jin kira. Na juyo, da ƙarfi yadda na baranda za su ji, na ce, "Kin gani ko, Hajiya? Matsalar kayan kyauta ke nan. Su canza abu ba su gargaɗi mutum ba."

Ta shiga ofis ta fito da wani littafin rubutu, ta gyara tabarau, ta buɗe shafin ƙarshe. Ashe mako uku da suka wuce wani rubutu mai ruwan ɗorawa ya fito a ƙasan shafin da na koya mata buɗewa don duba ko akwai intanet. Da yake an hana ta taɓawa, sai ta kwafe shi kaf da biro, sakin layi shida na Turanci. Ta sa yatsa a kan na biyar ta karanta a hankali, kalma bayan kalma, sannan ta fassara wa jama'a, don kada a bar kowa a baya: duk wanda zai sabunta daga nesa ya tabbata akwai mutum kusa da injin, domin bayan ya tashi zai yi tambaya, kuma ba zai buɗe ba sai an amsa.

"Na ɗauki hotonshi na turo maka," ta ce. Ta ciro waya ta nuna mini. Ga hoton. Ga amsata a ƙasa, babban yatsa guda ɗaya a ɗage. "Ni na ɗauka wanga yatsa na nuhin ka karanta."

Ni da nake rage wa ɗalibai maki biyar idan ba su karanta umarnin da ke saman takarda ba.

Wata tsohuwa a bakin benci ta taɓa Hajiya. "Shi ne likitan injin?"

"Shi ne, Inna."

"Allah ba shi lahiya."

Na durƙusa gaban kabad ɗin, taɓo na bushewa a jikina, na dubi igiyoyin nan biyu, kaina ya ɗauke kamar intanet ɗin. Ni na ɗaura su, amma wallahi na kasa tuna wacce ce wacce. Hajiya ta leƙo ta kafaɗata.

"Shuɗiyar ita ta sauko daga bisa. Ina tsaye ka jawo ta ta taga."

Na amsa wa injin yadda ta ce. 'Yan fitilunsa suka fara ƙyaftawa. Ta zauna gaban kwamfutarta ta shiga cike takardar, da yatsa biyu, ba gaggawa, ni kuwa ina tsaye a bayanta ina kallon agogon bango kamar mai jiran sakamakon awon jini. Saura minti ashirin ta danna, saƙo ya dawo cewa an karɓa. Ta ce alhamdulillahi, ta kira mai bi.

Kafin in tafi na zare makullin na ajiye mata a tebur, na ɓare takardar da na liƙa, na nuna mata abubuwa uku da za ta yi in injin ya sake tambaya. Ta rubuta su a littafin nan.

Washegari na rubuta wa masu manhajar. Wasiƙar farko laifi na ɗora musu daga sama har ƙasa, na karanta ta, na ji kunyar Hajiya Kulu, na goge. A ta biyu na faɗi abin da ya faru tsakani da Allah, na ce gargaɗin yana nan amma ya yi nisa, a sakin layi na biyar, kuma irina muna da yawa. Na roƙe su su sa shi a taƙaice a kan maɓallin sabuntawar kansa, yadda sai mutum ya gani kafin ya danna, kuma in injin ya yi jira bai ji kowa ba ya koma yadda yake da. Ɗaya daga cikinsu ya amsa da ladabi. Ya ce na farko za su yi a fitowa ta gaba, na biyu yana buƙatar aiki, sannan ya nemi izinin sa labarina a shafinsu a matsayin misali. Na yarda. (Yana nan har yanzu. Ba su sa sunana ba, amma Alhaji Bawa ya buga shi ya liƙa a shagonsa ya rubuta sunan da biro.)

Tun daga lokacin, duk sanarwar da ta fito ina mayar da ita Hausa, layi uku ko huɗu, in tura da murya ga mutanena bakwai da Hajiya ta takwas. Kowa ya sabunta tasa, har Alhaji Bawa. Maganin ya iso a kan lokaci, Hajiya ta turo mini hoton kwalayen, na kuwa amsa da cikakkiyar jimla.

Da sabuntawa ta gaba ta zo, na kira ta na nemi izini. Ta ce ranar Laraba akwai awo, Alhamis rigakafi, in bari sai Asabar da hantsi. Na rubuta a kalanda. Abin da na koya shi ne, in za ka nuna gwaninta, nuna da kayanka, in kuwa na mutane ne, fara tambayar wanda zai tsaya gaban marasa lafiya ya yi bayani in ka kuskure.