Wanduna Bakwai da Ƙwaryar Adda Safiyatu

Jama'a, ranar Litinin ɗin nan na ci tuwo da miyar kuka babu man shanu, karo na farko tun da na yi aure. Ba rowa ce ta kama Kulsum matata ba. Ci gaba ne ya iso unguwarmu Briqueterie da sassafe, sanye da farin kwat.

Duk wanda ya san shagona na ɗinki ya san Adda Safiyatu, mai zama a bakin ƙofata da ƙwaryar kindirmo da curin man shanu. Ƙanenta ke aiko mata daga Ngawundere ta jirgin ƙasa, kuma da wannan ƙwarya take ciyar da 'ya'ya huɗu tun rasuwar mijinta. Ina tsakiyar taka keke sai ga mai farin kwat ya tsaya a kanta, ya buɗe littafi.

"Madam, ina takardar wannan man?"

"Ɗan nan, saniya ce ta bayar," in ji ta, "kuma ba ta yi lekol ba, balle ta iya rubutu."

Bai yi dariya ba. Ya ce sabon umarni ya fito, man da ba a naɗe shi a takarda ba haɗari ne ga lafiyar jama'a. Ya ɗauki ƙwaryar har da faifanta, wai za a kai gwaji. Adda ta zauna a kan kujerarta hannu biyu a cinya har azahar.

Daga ina umarnin ya fito? Daga teku. Kun tuna wata uku da suka wuce an tura manya bakwai ƙasar waje su yi nazarin nono da man shanu, a ƙarƙashin Mai Girma Babban Masanin Al'amuran Madara, Allah ya ƙara masa sani. Akwai jirgin sama, amma suka zaɓi na ruwa daga Duwala, don nazari yana son natsuwa. Kwana goma sha uku tafiya, goma sha uku dawowa, kwana biyu a tudu.

Maƙwabcina Baba Njidda, tsohon masinjan ofishinsu, da shi aka je saboda shi kaɗai ya taɓa tatsar saniya. Na ce, "Baba, yaya shanun can?"

Ya ce, "Sali, ɗaya na gani, a jikin gwangwanin madara. Tana da ƙiba kam."

Ya ce a jirgin sau biyar ake kaɗa ƙararrawar abinci. Man shanunsu ƙanana ne kamar sabulun otal, kowane a naɗe cikin takarda mai ƙyalli, da sanyi ƙarara. Akwai cuku iri-iri, har da wani mai kore-kore da ke warin safar soja. Mai Girma ya shafa mai a burodi, ya ɗora cuku, ya kora da madara. Jirgi ya yi tangaɗi, ya ruga bakin ƙarfen gefen jirgi ya mayar wa kifaye, ya wanke baki, ya dawo teburi.

"Ko sau ɗaya bai tsallake ƙararrawa ba," in ji Baba Njidda.

Ni dai na jinjina. Mu nan layin kananzir na awa biyu muke yi muna ƙorafi, ga bawan Allah yana fama da cuku a tsakiyar teku saboda mu.

Kada kuma a ce tafiyar ba ta amfani talaka ba. An yi alkawarin za ta kawo aikin yi, ta kuwa kawo. Wanduna bakwai aka aiko mini in buɗa ƙugu. Na shugaban tawaga sai da na sa ƙari a baya, don yadin da ke ciki ya ƙare.

Ranar Laraba na kai masa nasa gida a unguwar Tsinga. Aka ce in bi ta baya. Ina wucewa ta ƙofar kicin hancina ya tsayar da ni. Shekara goma ina shaƙar ƙamshin nan a bakin shagona, ba zan ɓata shi ba. Ga ƙwaryar Adda a kan tebur, an ci rabi, Madam matarsa tana narka curi guda a cikin miya.

Na durƙusa na ce, "Ranki ya daɗe, yaya gwajin?"

Ta dube ni, ta dubi ƙwarya, sai ta fashe da dariya. Ta ce tun da maigidan ya dawo cikinsa ke kuka, ba abin da yake zama sai tuwo da man gida.

Na ce, "To wannan ce ta ƙarshe, don mai ita ta ce gida za ta koma, ta bar sana'ar." Ban san Adda ta faɗi haka ba, Allah ya yafe mini.

Dariyar Madam ta tsaya. Ta shiga ciki, na ji muryarta tana tashi da Faransanci, ta namiji tana sauka. Ta fito ta miƙo mini ƙwaryar, da wani ƙaton kwali cike da rahoton tafiyar, mai shafi ɗari biyu, wanda aka buga da yawa ba wanda ya karɓa.

"Umarni ya ce takarda," in ji ta. "Ga takarda."

Yanzu Adda Safiyatu ta koma bakin ƙofata. Kowane curi sai ta naɗe shi a ganyen ayaba, ta rufa da shafi guda. Jiya mai farin kwat ya dawo, ya ga sa hannun Mai Girma a jikin man shanu, ya ƙame ya sara mata, ya sayi biyu.

Da safen nan Baba Njidda ya raɗa mini cewa ana shirya wata tawagar, ta mutum tara, za ta shiga jirgi nazarin gashin nama. Gali mai tsire, ka fara tara tsofaffin jaridu. Ni kuma zan je kasuwar Mokolo in ƙaro zare.