Biyar Ɗin Da Na Manta a Kagoma

Ranar da na je Kagoma gaida mahaifin Rifkatu, wadda nake nema da aure, ji nake babu kamata, domin ban daɗe da karɓo digirina na lissafi ba. Ashe Baba tsohon malamin lissafi ne. Muna gama gaisawa ya rubuta √(5x+2) a bayan littafin waƙoƙin coci, ya ce, "Ɗana, yi mini lissafin difarenshiyeshan ɗin wannan."

Daɗi ya kama ni! Na fizge biron, har da cewa, "Baba, ai wannan wasan yara ne." Nan take na rubuta 1/(2√(5x+2)), na miƙa masa ina wa Rifkatu murmushi.

Ya gyara tabarau. "Ka gama da na waje. Na cikin fa? Ina biyar ɗin da za ka ninka da shi?"

Rifkatu ta ruga kicin, ina jiyo dariyarta da ta Mama.

Baba dai ya ba ni auren Rifkatu. Amma har yau in ya aiko mana da doya Kafanchan, sai ya bugo waya: "Guda biyar ne, surukina. Bari Rifkatu ta ƙirga."