Rasuwar Kwamfutar Eino Kivela

Da zuciya mai nauyin alhini, iyalan marigayi Eino Kivela na garin Thunder Bay da ke bakin tafki suna sanar da 'yan uwa da maƙwabta rasuwar kwamfutarsa ta tafi-da-gidanka, wadda rai ya yi wa halinsa ranar Talata da la'asar a kan teburin kicin, tana da shekara goma sha ɗaya a duniya.

Marigayiyar mai haƙuri ce. Sau biyu kofi yana zube mata, ba ta taɓa ƙorafi ba. Kullum da safe takan yi tari sau ɗaya, fankarta ta ja dogon numfashi, sannan ta nuna wa Eino yadda iska za ta kasance a kan tafki. Bayan rasuwarsa a watan Afrilu, matarsa Lorraine ta ci gaba da kunna ta, don dai gidan ya yi motsi.

Ciwon ajalin ya fara ne ranar da 'yarsu Tessa ta turo wani bidiyo da ta ɗauka bara a cikin kwalekwalen mahaifinta, irin mai nauyin nan da ake kira 4K, wanda ko silin gashi yake fitarwa tar. Daƙiƙa arba'in ne kacal. Eino yana naɗe igiyar fatsa, sai ya juyo ya dubi inda Lorraine take zaune, ya buɗe baki zai yi magana. A nan marigayiyar take sandarewa. Murya ta ɗauke, fanka ta hau kuka, shi kuwa ya tsaya a allo yana kallon matarsa, baki a buɗe. Lorraine tana cikin kwalekwalen a ranar, amma ta kasa tuna abin da ya ce.

Lorraine ta yi jinyar kwamfutar iya ƙoƙarinta. Ta sabunta manhaja, ta sauya wata, ta goge tsofaffin hotunan kifi don a sami wuri. Ta ɗora kwamfutar a kan ledar wake mai ƙanƙara don zafin jikinta ya sauka. Sati uku ana haka, kullum a wuri ɗaya take tsayawa. Wani lokaci Lorraine takan bar Eino a allo a haka, ta ci abincinta a gabansa.

“Mama, ki rage wa bidiyon nauyi mana, ko ki zo ki kalla a tawa,” in ji Tessa ta waya. “Kina azabtar da tsohuwa.”

“Ke dai kula da tsohuwar da ta haife ki. A ta babanki zan kalla.”

Ranar Talata hoton ya wuce inda ya saba tsayawa da kamar ƙiftawar ido. Leɓen Eino ya motsa. Sai aka ji ƙas, allo ya yi baƙi, Lorraine ta ga fuskarta ita kaɗai a ciki.

Washegari Tessa ta zo da tata kwamfutar. Bidiyon ya tafi sumul, ba gargada. Eino ya juyo ya ce, “Lorraine, miƙo min hular nan, kunnena zai cire don sanyi.” Daƙiƙa arba'in suka ƙare. Lorraine ta yi dariya har ta riƙe ciki, daga baya ta tashi ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa.

Marigayiyar ta bar caja ɗaya mai ɗaurin salatif, da jaka, da bazawara guda.

Za a kai ta makwancinta ranar Asabar da ƙarfe goma na safe, a wurin karɓar tsofaffin kayan lantarki na bayan gari. Daga nan za a dawo gida a sha kofi da burodi. Lorraine ce za ta tuƙa motar rakiya da kanta, kuma ta roƙi masu rakiya su zauna a baya. Kujerar gaba ta marigayiya ce.