Tukunyar Kunya ta Haji Samandar

Duk wanda ya shiga kasuwar azurfa ta Peshawar bai gaida Haji Samandar Khan ba, to bai shiga ba, ratsawa ya yi. Allah ya yi masana tsofaffin kwandaloli da yawa tsakanin Kabul da Lahore, amma da aka zo kan Haji sai aka juye masa buhun gaba ɗaya. Wannan ba ƙage ba ne, daga bakin Hajin aka ji, kuma kullum sai ya maimaita don kada a manta. A allon shagonsa an rubuta Farfesa da ruwan zinare, ko da yake kusantar da ya taɓa yi wa jami'a ita ce ranar da motar haya ta lalace da shi a ƙofarta. A gabansa 'yan kasuwa na kiransa Kunnen Zinare. In ya juya baya kuwa, Haji Jabu.

Makamansa uku ne. Na farko ido, da madubin ƙara girma rataye a wuya. Shekara biyar ke nan da idon ya yi sanyi, likita ya rubuta masa tabarau, Haji ya ce a ina aka taɓa ganin mikiya da tabarau. Na biyu kunne. Yakan buga kwandala a kan farin dutse, ya lumshe ido, ya ce azurfar gaske waƙa take yi, ta jabu kuwa tari. Wannan kunnen ne dai mai shayi yake kira sau uku kafin a karɓi kofi. Na uku harshe, kuma nan ne fa hikimar take. A yatsansa akwai zobe mai ɗauke da kwandalar wani sarkin Yunanawa mai hular kwano, wadda ya ce gadon kakansa ce, ko da yake maƙwabta sun tuna shekarar da kakan ya bayyana a labarin, bayan wani dillali ya kwana biyu yana zarya shagon. Kafin ya yanke hukunci kan kowace kwandala sai ya lashi ta zoben, sannan ya lashi baƙuwar.

"Shekara dubu biyu tana da ɗanɗano," yakan ce wa masu kallo. "Wanda bai gada ba ba zai ji ba. Ni da shi aka yaye ni."

A gefen ma'auninsa akwai tukunyar ƙasa da ya sa wa suna Tukunyar Kunya. Cikinta kwandalolin jabu ne kusan arba'in, duk masu hular kwano, duk sun yi baƙi kamar gindin tukunya, irin waɗanda Usta Gafur maƙerin fari yake zubawa a bayan kasuwa yana sayar wa masu yawon buɗe ido a matsayin tsaraba. Haji ya ce ya tara su ne don ilmantar da jahilai. Amfaninsu na gaskiya shi ne tsorata baƙauye: a ce masa tasa jabu ce, a nuna masa 'yan'uwanta, a ba shi kuɗin mota don tausayi, a ajiye tasa a aljihu.

Gaskiyar magana, Haji ba ya duba kwandala, mai kwandala yake dubawa. Shi ya sa ranar da Zarin Gul ya shigo, wani manomi daga wajen Charsadda, da kaushi a ƙafa da ƙulli a gefen mayafi, Haji ya san kasuwa ta buɗe tun kafin a kwance ƙullin. Mutumin ya ce garma ce ta tono masa wannan kwandala mai hular kwano kusa da tsohon tudun bayan gonarsa. Ɗaya cikin shanun huɗarsa biyu ya mutu, ga shukar alkama saura mako biyu, kuma sa ɗaya ba ya jan garma. In wannan abu zai sayi sa, to ya tsira da shekararsa. In ba haka ba, sai dai ya ba da gonar aro ya koma ƙwadago.

Haji ya kara madubi, ya ga dishi-dishi. Ya buga a dutse, ya ji shiru kamar kullum. Ya lashi zobe, ya lashi baƙuwar, ya girgiza kai da tausayi irin na likitan da ya makara. Da ya ga masu shayi da 'yan dako sun taru a bakin shago, sai kansa ya kumbura.

"Bawan Allah, an cuce ka, ko kuma ƙasa ta cuce ka. Ku saurara, jama'a, tari take yi. Ga gidansu nan."

Ya ɗaga hannu sama yadda kowa zai gani, ya sake ta cikin tukunya, har da girgiza tukunyar don armashi. A sauran ranaku tafinsa yakan riƙe ta gaske, ya saki wata. Yau daɗin 'yan kallo ya sa ya manta.

Ya miƙa wa Zarin Gul kuɗin mota. Mutumin ya dubi kuɗin, idonsa ya kawo ruwa, abin tausayi ƙwarai, amma bai miƙa hannu ba. A kasuwar nan kuwa ko yaro ya sani, in ba a tafa hannu an sha shayin ciniki ba, kaya na mai shi ne. Manomin ya ce tunda ba ta da daraja a ba shi abarsa, matarsa ta ce in ta ƙi sayuwa za ta huda ta ta rataya wa jikarsu.

Nan fa ake yinta. Ba mayarwar ce ta dami Haji ba, ai ga arba'in, sai ya ba shi kowace. Damuwar ita ce kada ya ba shi ta gasken. Ya juye tukunyar a kan darduma. Sarakuna arba'in da ɗaya suka zuba masa ido, kowa da hularsa. Ya buga wannan, ya lashi waccan, gumi na bin gemu, harshe ya yi baƙi ƙirin, yana ta yi wa jama'a bayanin cewa ilimi ba ya son gaggawa. Daga ƙarshe ya yi hukunci irin na manya. Ya lalubo wadda ta fi kowace zagaye da santsi, mai kama da ta zobensa sak, ya tura ta ƙarƙashin gwiwa. Sannan ya zaɓo wata karkatacciya, gefe ɗaya kauri gefe ɗaya sirara, rubutun ma ya zame ya bar tsakiya, mafi muni a cikin taron, ya danƙa wa manomin.

"Ga taka. Mummunan aiki ma, ko maƙerin ya ji kunya."

Ramin mugunta, an ce a gina shi gajere. Usta Gafur yana cikin 'yan kallo tun ɗazu, ya zo shan shayi ya tarar da wasa kyauta. Ya ce wa Zarin Gul ya ba shi ya ga mummunan aikin nan, tunda an taɓo maƙera. Ya juya ta a yatsu, ya daɗe yana kallo, sai murmushinsa ya ɗauke.

"Haji, wannan ba tawa ba ce. Ni a mazubi ɗaya nake zuba nawa, duk tagwaye ne, kowace da 'yar tsaga a ƙarƙashin haɓar sarki. Mutanen da da guduma suke bugawa, ɗaya bayan ɗaya, shi ya sa take karkace. Da na iya irin wannan munin, da yanzu ina da gidan sama."

Ya ce wa manomin kada ya kuskura ya huda ta, kada ma ya wanke ta. Ya nuna masa shagon wani tsoho a ƙarshen layi mai tabarau biyu da ma'aunin gaskiya, ya ce in aka taya ƙasa da kuɗin san huɗa ya dawo su je tare. Zarin Gul ya ƙulle abarsa, ya riƙe ƙullin da hannu biyu, ya yi ta godiya.

Wani ne da ya yi shiru. Amma Haji Samandar ba wani ba ne. Ya gyara rawani, ya ce dama gwaji yake yi don ya ga ko akwai mai ido a kasuwar nan, kuma ya ji daɗi ɗalibinsa Gafur ya fara ganewa. Sai dai kada jama'a su ruɗu, ta manomin 'yar ƙarama ce a daraja. Mai son ganin uwar kwandaloli, ga ta nan. Ya miƙa yatsan zobe har hancin maƙerin, ya ce ya kalla ya ƙaru.

Usta Gafur ya aro madubin wuyan Haji, wanda ranar ce aka fara ganin wani abu ta cikinsa cikin shekara biyar. Ya duba ƙarƙashin haɓar sarki, ya ɗauko ɗaya daga kan darduma ya jera su, ya kira mai shayi shi ma ya leƙa. Mai shayi ya leƙa, ya toshe baki da hular kansa.

"Allah ya jiƙan kakanka, Haji, amma ni na zuba wannan, shekarar da na yi aure. Na ma tuna ta, don ita ce ta fi yin baƙi mai kyau."

Haji ya ce ƙarya ne, ɗanɗanon shekara dubu biyu fa, shi da yake lasarta safe da yamma?

"Wata uku ne, ranka ya daɗe," in ji maƙerin. "A ƙarƙashin turken akuyata na binne ta."